Kason Gwauraye da Marayu a Baikon Ikilisiya: Amsa ga Wani Sabon Ma'aji

Wani ɗan'uwa da aka zaɓa kwanan nan ya zama ma'ajin ikilisiyarsu ya aiko da tambaya, ga kuma taƙaicenta. Ya ce da ya karɓi littattafan kuɗi ya duba, sai ya tarar baiko da zakka da abin da ake samu ranar bikin godiya duk suna ƙarewa ne a wurare uku, wato albashin ma'aikata, ginin sabuwar majami'a, da kason da ake aikawa gunduma. Gwauraye da marayu da marasa lafiya ba su da gurbi ko ɗaya a cikin littafin. Idan buƙata ta taso sai a yi sanarwa bayan wa'azi, a ambaci sunan mai buƙatar, wani lokaci ma a tsayar da ita a gaban jama'a, sannan a zagaya da faranti. Yana tambaya ko wannan daidai ne, idan ba daidai ba ne yaya za a gyara ba tare da an ta da husuma ba, kuma ko ya halatta a taimaki wanda ba Kirista ba da kuɗin ikilisiya.

Ɗan'uwa, Ubangiji ya ba ka hikimar riƙe wannan amana. Amsata ga tambayarka ta farko ita ce ba daidai ba ne, ko da yake ba na zaton mugunta ce ta kawo hakan a ikilisiyarku. Yawanci abin da ke faruwa shi ne kowane mai bin ikilisiya kuɗi yana da bakin magana. Magini zai zo da kansa ya tsaya a ƙofa, gunduma za ta aiko da takarda mai hatimi, wata kuma zai ƙare dole a biya fasto da mai gadi. Gwauruwar da ta kwana biyu ba ta ɗora tukunya ba ita ce kaɗai ba za ta zo ba, domin kunya ta hana ta, kuma ranar Lahadi za ta ɗaura zanenta mafi kyau ta zauna cikin Zumuntar Mata tana waƙa kamar kowa. Saboda haka duk ikilisiyar da ta bar taimakon mabukata sai abin da ya rage bayan an sallami kowa, a zahiri ta yanke shawarar kada ta taimake su ne, ko da babu wanda ya furta hakan a taro.

Mun saba jin Malakai 3:10 a kan bagade, inda aka ce a kawo dukan zakka cikin ɗakin ajiya, kuma babu laifi a koyar da wannan aya. Abin da ba a cika karantawa tare da ita ba shi ne Maimaitawar Shari'a 14:28-29, inda aka umarci Isra'ilawa cewa a ƙarshen kowace shekara uku su tara zakkar amfanin gonarsu ta wannan shekara a cikin garuruwansu, domin Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa su zo su ci su ƙoshi. Ka lura cewa ma'aikacin Haikali da gwauruwa suna cikin jeri ɗaya, daga rumbu ɗaya suke ci. Dokar kala kuma tana nan a Littafin Firistoci 19:9-10 da Maimaitawar Shari'a 24:19-21: kada mai gona ya girbe har gefen gonarsa, kada ya koma ɗauko damin da ya manta. Shari'a ba ta jira mai gona ya ji tausayi ba, ta yanka wa matalauci rabonsa tun kafin a kai hatsin gida. Da Rut ta shiga gonar Bo'aza, hakkinta ta je ɗauka, Bo'aza kuwa ya ƙara da cewa ma'aikatansa su riƙa zare zangarniya daga dammuna suna bar mata, kada kuma kowa ya tsawata mata ko ya kunyata ta. Ya ƙara mata abinci ta hanyar da ba za ta ji ana yi mata sadaka ba.

A Sabon Alkawari, wurin da ya fi dacewa da halin da kake ciki shi ne Ayyukan Manzanni 6:1-6, kuma ina so ka karanta shi a hankali kafin ka je gaban dattawa. Ikilisiyar Urushalima tana da rabon abinci na kowace rana ga gwauraye, wato tsari ne tsayayye tun kafin matsala ta taso. Sai Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu. Manzanni ba su ce masu gunaguni ba su da ruhaniya ba, ba su kuma musa cewa akwai rashin adalci ba. Sun tara jama'a, suka ce a zaɓo mutum bakwai waɗanda ake shaidarsu, cike da Ruhu da hikima, a danƙa musu aikin. Jama'a ce ta zaɓa, manzanni suka yi addu'a suka ɗibiya musu hannu. Sunayen mutanen bakwai ɗin, tun daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, duk na Helenanci ne, abin da ya sa masana da yawa suke ganin an miƙa aikin ne ga ɓangaren da ya yi kukan. Wannan darasi ne babba ga ikilisiyoyinmu na birane irin su Kaduna, Jos, Kano da Abuja, inda kabilu goma ko fiye suke sujada da Hausa a ƙarƙashin rufi ɗaya. Idan duk masu rabon daga kabila ɗaya suke, ko daga unguwa ɗaya, gwaurayen da suka sani ne kawai za su gani, ba don son kai ba, sai don nan idonsu yake kaiwa. Abu na biyu da wannan nassi ya nuna shi ne raba aiki: mai wa'azi dabam, mai rabon abinci dabam, kuma ana buƙatar cikar Ruhu a wurin mai rabon kamar yadda ake buƙatarta a wurin mai wa'azi.

Manzo Bulus ma ya shafe shekaru yana tara gudummawa daga ikilisiyoyin Makidoniya da Akaya da Galatiya domin matalautan Urushalima, kuma yadda ya tafiyar da ita ya kamata kowane ma'aji ya haddace. A 1 Korantiyawa 16:1-4 ya ce kowa ya riƙa ware wani abu a ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, domin kada sai ya zo a fara tarawa, sannan ikilisiya da kanta ta zaɓi waɗanda za su kai kuɗin. A 2 Korantiyawa 8:18-21 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa, ya kuma faɗi dalili a fili: kada kowa ya sami abin zargi game da wannan kyauta mai yawa, gama suna so su yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Idan manzo bai yarda ya riƙe kuɗin matalauta shi kaɗai ba, babu fasto ko dattijo ko ma'aji da ya kamata ya ji an raina shi don an ce a haɗa shi da wani.

Ikilisiyar da ta biyo bayan manzanni ta ɗore a kan wannan. Wajen shekara ta 150, Yustin Shahidi ya bayyana sujadar ranar Lahadi a Roma, ya ce masu hali suna ba da abin da suka ga dama, a ajiye a hannun shugaban taron, shi kuma ya kula da marayu, gwauraye, marasa lafiya, fursunoni da baƙi. Wajen shekara ta 197, Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya yi maganar akwatin da kowa ke sa ɗan abin da ya iya sau ɗaya a wata ba tare da tilas ba, ana ciyar da matalauta da binne su da shi, ana kuma kula da marayu da tsofaffi da waɗanda aka ɗaure saboda bangaskiya. A shekara ta 251 kuma Karniliyus, bishop na Roma, ya rubuta cewa ikilisiyarsa tana ɗauke da nauyin gwauraye da mabukata fiye da 1,500. Abin da ya fi jan hankalina a wannan adadi shi ne cewa ya san shi. Ba a sanin irin wannan lissafi sai da rajista, kuma a lokacin gwamnati na tsananta musu, ba su da manyan majami'u irin namu.

To, yaya za ku gyara? Matakin farko shi ne a ware kaso tsayayye, a rubuta shi cikin kasafin shekara, a fitar da shi a ranar da aka ƙirga baiko kafin a taɓa sauran. Littafi Mai Tsarki bai yanka wa ikilisiya adadi ba, don haka kada ka ce wa dattawa Allah ya ce kaza. Shawarata ita ce ku fara da abin da za ku iya riƙewa ko a watan da baiko ya yi ƙasa, ko da kashi biyar cikin ɗari ne, sannan ku ƙudura kaiwa kashi goma. Ƙaramin kaso da ba ya yankewa ya fi babban alkawari da za a karya a wata na uku. Akwai kuma tsohuwar al'ada a ikilisiyoyi da dama ta keɓe baikon ranar Jibin Ubangiji domin mabukata, kuma ina ganin tana da kyau ƙwarai, domin tana haɗa teburin Ubangiji da teburin gwauruwa a zuciyar mai bayarwa, kuma ba ta taɓa kason gunduma. Duk wadda kuka zaɓa, a buɗe wa kuɗin asusu dabam a banki mai sa hannun mutum biyu ko uku, idan kuwa babu banki kusa, a yi masa akwati da littafi dabam. A kuma rubuta a cikin ƙudurin cewa ba a rancen wannan kuɗi don gini. Na sha ganin inda aka ari kuɗin gwauraye don a sayi siminti kafin ya ƙara tsada, da niyyar mayarwa bayan bikin godiya, kuma da wuya ka ji an mayar, domin gini ba ya ƙarewa: bayan rufi sai daɓe, bayan daɓe sai kujeru, bayan kujeru sai katanga.

Masu riƙe aikin su kasance kaɗan, kamar mutum biyar, jama'a ta zaɓe su na ƙayyadadden lokaci, kuma aƙalla biyu daga cikinsu su fito daga Zumuntar Mata. Wannan ba don a faranta wa mata rai ba ne. A ikilisiyoyin ECWA, COCIN, EYN, HEKAN, LCCN da sauransu, matan zumunta su ne suke zuwa gidan haihuwa da gidan makoki, su suke kwana da mara lafiya a asibiti, su suke shiga har madafa su ga ko an hura wuta. Akwai abin da gwauruwa ba za ta taɓa faɗa wa dattijo namiji ba amma za ta faɗa wa 'yar'uwarta mace a kan hanyar dawowa daga taron addu'a. Kuma kada namiji ya riƙa kai taimako gidan gwauruwa shi kaɗai, domin kare mutuncinta da nasa. Kai ma'aji aikinka fitar da kuɗi ne bisa takardar kwamiti da rubuta abin da ya fita, ba kai za ka zaɓi wanda za a ba ba. Fasto kuwa ya ba da shawara, ya kawo sunan wanda ya gani a ziyara, amma ya fi masa alheri kuɗin kada ya bi ta hannunsa.

Yanzu ga batun tsayar da mutum a gaban jama'a, wanda shi ne ya fi damuna a cikin wasiƙarka. Yesu ya ce a Matiyu 6:1-4 idan za ka ba da sadaka kada ka busa ƙaho, kada hannunka na hagu ya san abin da na dama yake yi. Mukan ɗauki wannan a matsayin gargaɗi ga mai bayarwa game da neman yabo, kuma haka ne, amma akwai kariya a cikinsa ga mai karɓa. Matar da aka tsayar a gaba aka bayyana cewa ba ta iya biyan kuɗin haya ba, 'ya'yanta suna zaune a makarantar Lahadi tare da 'ya'yan waɗanda suka sa kuɗi a farantin, kuma gobe za su haɗu a makaranta. Ta karɓi kuɗin, amma an karɓe mata wani abu da ya fi kuɗin tsada. Sakamakonsa kuma shi ne waɗanda suka fi buƙata, musamman waɗanda a da suke da rufin asiri kafin mutuwa ko rikici ya karya su, za su gwammace su kwana da yunwa da a yi musu haka. Sabon salon wannan ɗabi'a shi ne a jera gwauraye riƙe da mudun shinkafa da turmin atamfa a ɗauke su hoto a sa a Facebook da WhatsApp. Na san wasu ƙungiyoyin da ke ba da tallafi suna neman shaida, amma ana iya ɗaukar hoton buhunan da rasit ɗin sayayya a aika musu, ba sai an nuna fuskar uwar wani ba.

Wasu dattawa za su ce maka idan aka ɓoye suna ai an buɗe ƙofar cin amana, kuma damuwarsu tana da tushe, gama Yahaya 12:6 ya gaya mana cewa Yahuza, mai riƙe da jakar almajirai, da kansa yana ɗiba daga ciki, kuma da sunan matalauta ya yi magana. Maganin shi ne a bambanta abu biyu. Kuɗin a fili yake: duk wata uku a karanta wa ikilisiya nawa ya shigo, nawa ya fita, gida nawa aka taimaka, nawa ya tafi asibiti, nawa makaranta, nawa abinci. Sunaye kuwa suna cikin littafin kwamiti, mai karɓa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, kuma masu binciken kuɗi biyu da ikilisiya ta naɗa su ne kaɗai za su buɗe shi a ƙarshen shekara. Ta haka jama'a ta san inda kuɗinta ya tafi, gwauruwa kuma asirinta a rufe.

Wa ya cancanta? Bulus ya yi dogon bayani a 1 Timoti 5:3-16, kuma jigon maganarsa shi ne nauyin gwauruwa yana kan 'ya'yanta da jikokinta da danginta tukuna, domin kada a nawaita wa ikilisiya, ta sami damar kula da waɗanda ba su da kowa. Ya ce wanda bai kula da danginsa ba, musamman iyalin gidansa, ya musunci bangaskiya. Yesu ma a Markus 7:9-13 ya tsawata wa waɗanda suke cewa abin da za su taimaki iyayensu da shi sun riga sun keɓe wa Allah. Saboda haka idan akwai tsohuwar da ke shan wahala alhali ɗanta yana aiki a birni yana kuma sa babban baiko ana tafa masa, aikin dattawa na farko shi ne su kira ɗan su yi masa magana. Amma kada a bar ta da yunwa ana jiran ya tuba. Haka kuma kada kowa ya ɗauki shekara 60 da aka ambata a 1 Timoti 5:9 ya mai da ita dalilin korar gwauraye matasa. Masana da yawa suna ganin wannan rajista ta gwaurayen da ikilisiya ta ɗauki nauyinsu har ƙarshen rai ce, waɗanda su ma suka ba da kansu ga addu'a da hidima, ba iyakar waɗanda za a iya taimakawa ba. A ƙasarmu yau, rikici da ta'addanci da haɗarin mota sun bar mata masu shekara ashirin da 'yan kai da yara uku ko huɗu, kuma Yakubu 1:27 bai sa wa gwauruwa shekaru ba.

Akwai taimakon da ba ya cin ko kwabo amma ya fi buhun masara, shi ne dattawa su tsaya wa gwauruwa a makon farko bayan jana'iza, lokacin da dangin miji sukan zo su kwashe kaya, su karɓe gona, ko su nemi takardun gida da na fansho. Dattawa biyu masu furfura da suka zauna a taron dangi, suka kuma raka ta wurin mai unguwa ko kotu idan ta kama, sukan ceto abin da zai riƙe marayun shekara goma. Ikilisiya ta kuma koya wa maza rubuta wasiyya tun suna da lafiya.

Game da masu zuwa da labarin ƙarya, suna nan, kuma ba rashin ƙauna ba ne a bincika. Bulus ya ce a 2 Tasalonikawa 3:10 wanda ya ƙi yin aiki kada ya ci, yana nufin wanda ya ƙi, ba wanda ya nema ya rasa ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ziyara: kada a ba da taimako mai yawa sai mutum biyu sun je gidan. Baƙon da ya ce kuɗin mota ya yanke masa, a ba shi abinci a kai shi tasha a biya direba. Kuɗin asibiti a biya a asibitin, na makaranta a makarantar.

Irin taimakon da lokacinsa suna da muhimmanci kamar yawansa, kuma a nan ne ikilisiyoyin karkara suke da dama babba da suke sakewa. Ranar bikin godiya ana kawo masara, dawa, gero, wake, doya da awaki, sai a yi gwanjonsu nan take a lokacin kaka, daidai lokacin da hatsi ya fi araha a shekara. Sannan a watan Yuli da Agusta, sa'ad da rumbuna suka ƙare, sabon amfani bai nuna ba, farashi ya hau, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kwantar da yara, sai a rasa abin ba mabukata. Rabon Kirsimeti abu ne mai kyau, amma a watan Disamba kusan kowa yana da ɗan abin da zai ci. Tsakiyar damina ce yunwa take shiga gida. Ku ware wani ɓangare na hatsin godiya ku adana, wake kuma a sa shi a buhun PICS mai ruɓi uku wanda ke hana ƙwari ba tare da magani ba, a buɗe a lokacin da ake buƙata. Matasa su yi wa gwauruwa gayya a gonarta a noman farko, domin wanda ya makara a noman farko ya yi asarar shekara. Ana iya ba ta akuya ta kiwata, idan ta haihu ta riƙe 'ya'yan a miƙa uwar ga wata, kamar yadda Fulani suke yi a tsakaninsu tun da daɗewa. A birni kuma kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO na maraya, ko yi wa tsohuwa rajista a shirin inshorar lafiya na jiha inda akwai shi, kamar a Kaduna da Filato, yakan fi rabon kayan abinci na rana ɗaya amfani. Abu ɗaya da zan gargaɗe ku a kai shi ne haɗa kyauta da rance. Idan jari ne za a mayar, a faɗa tun farko a rubuta, kuma a ba wanda yake da sana'ar da za ta iya biya. Idan mutum yunwa yake ji, a ba shi kyauta, domin wanda ikilisiya take bi bashin da ba zai iya biya ba yakan daina zuwa sujada.

Kada kuma ku manta cewa matalauci ma mai bayarwa ne, kuma ba a hana shi wannan albarka. Amma a bar shi ya bayar da daɗin rai kamar yadda 2 Korantiyawa 9:7 ta ce. Mukan yi wa'azin gwauruwar da ta sa anini biyu a Markus 12:41-44, mu manta cewa a ayar da ke gabanta Yesu ya la'anci masu cinye gidajen gwauraye. Inda ake yanka wa kowane gida harajin gini daidai wa daida, har a ce wanda bai biya ba ba za a ɗaura wa ɗansa aure ko a yi masa jana'iza ba, ya kamata a cire sunayen da ke cikin littafin kwamitinku daga wannan haraji a asirce.

Tambayarka ta ƙarshe, wato taimakon wanda ba Kirista ba da kuɗin ikilisiya, amsarta i ce, ya halatta, kuma Galatiyawa 6:10 ta ba da tsarin: mu yi wa kowa alheri, musamman waɗanda suke iyalin bangaskiya. Akwai fifiko, amma babu shinge. Basamariyen da ke Luka 10 bai tambayi wanda 'yan fashi suka sara addininsa ba. A shekara ta 362 sarkin Roma Yuliyan, wanda ya bar bangaskiyar Kirista yana ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta wa babban firist na Galatiya yana kukan cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na masu bautar gumakan. A ƙasar Hausa ma shaidar tana nan: asibitin ido na ECWA a Kano da asibitin Galmi a Jamhuriyar Nijar, wanda mishan ɗin SIM ya buɗe a 1950, yawancin waɗanda suke jinya a cikinsu Musulmi ne. Da Boko Haram ta kama Mubi a watan Oktoba na 2014, Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe harabar babbar majami'ar Katolika ta Yola ga 'yan gudun hijira, daga baya kuma aka gina musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, da majami'a, da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. Sharaɗi ɗaya ne zan kafa da ƙarfi: kada a ɗaura taimako da sauya addini, kada a ce sai mutum ya zauna ya ji wa'azi kafin a auna masa hatsi. Yin haka cin zarafin mai yunwa ne, yana kuma ɓata zaman lafiya da maƙwabta. A aikace, kwamiti na iya keɓe wani ɓangare na asusun domin unguwa, ya kuma nemi mai unguwa ko limamin masallacin da ke kusa ya nuna gidajen da suka fi buƙata.

Wannan shekara ta 2014 ta kuma nuna cewa akwai masifar da ta fi ƙarfin ikilisiya ɗaya. Hedikwatar EYN da ke Kwarhi ta faɗa hannun mahara, shugabanninta suka koma Jos na ɗan lokaci, kuma abin da ya riƙe mutane shi ne 'yan'uwa da suka buɗe gidajensu a Yola, Jos da Abuja, da gudummawar ikilisiyar 'Yan'uwa ta Amurka. Haka almajiran Antakiya suka aika wa Yahudiya taimako ta hannun Barnaba da Shawulu (wato Bulus) a lokacin yunwar zamanin Kalaudiyas, a Ayyukan Manzanni 11:27-30. Idan ikilisiyarku ta birni ce mai ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa, ku ɗauki wata ta ƙauye ko ta 'yan gudun hijira ku riƙa tunawa da ita, ku kuma sa matan fastoci da masu bishara da suka rasu a cikin lissafinku, domin sau da yawa gidan da suke ciki na ikilisiya ne, kuma sabon fasto yana zuwa.

Sa'ad da za ka kai maganar gaban dattawa, kada ka shiga da zargi, kada kuma ka sa albashin fasto da gini a gefe ɗaya gwauraye a ɗaya gefen kamar abokan gaba, gama 1 Timoti 5:17-18 ta ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, jama'a kuma tana buƙatar rufi. Ka fara zama da fasto da shugabar Zumuntar Mata kai da su kaɗai, ku ƙirga gidajen gwauraye, marayu, tsofaffi da masu doguwar jinya da ke cikin ikilisiyar. Ka tara jimillar baikon bara, ka fitar da abin da kashi biyar cikin ɗari zai kama a wata, ka kuma duba kundin tsarin ɗarikarku, domin da yawa sun riga sun tanadi kwamitin jin ƙai ko aikin dikinoni wanda aka daina aiki da shi. Idan fasto ya amince, ya fi kyau shi ya gabatar da maganar a taron dattawa, kai kuma ka kawo lissafin, a nemi a gwada tsarin na shekara ɗaya daga kasafi mai zuwa, a karanta rahoton farko bayan wata uku.